TSAKAR GIDA: 'Yan Tsakin Auta Da Kajin Inna

 Na san wasunku sun buɗe shafin nan da zumuɗi suna jiran zancen kwalliya ko na girki, to ku yi haƙuri, yau maganar kaji ce. E, kaji dai da kuka sani, masu tona shara suna ɓata wa mutum tsakar gida. Kada wadda ta ja tsaki ta juya shafi, domin hawayen da na gani a idon ƙanwata ne ya sa na ɗauko zancen, kuma na tabbata a cikinku akwai masu asusu a ƙarƙashin gado da niyyar yin irin abin da ta yi.

Autarmu ta gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare a watan Yunin bara, hutu ya miƙe mata har Satumba, lokacin da za ta tafi makarantar kwana. Sai ta fasa asusunta, kuɗin tara da ta daɗe tana matsewa da ɗan abin da ta samu na barka da salla, ta sayo 'yan tsaki takwas 'yan kwana ɗaya, irin na gidan gonar nan masu launi-launi da ake kira Noiler. Lissafinta kuwa mai kyau ne, kafin ta yi hutu biyu sun zama kaji, zakarun a sayar, matan su yi mata ƙwai. Ta samo kwali ta shimfiɗa buntun shinkafa, ta ajiye fitilar ƙwai a gefe saboda ɗumi, ta ɗora dutse ta tokare ta don kada su tunkuɗe ta gobara ta tashi. A nan dai ba ta yi kuskure ba. Ɗan tsako a satinsa na farko yana son ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane sati har gashinsa ya gama fitowa wajen sati shida. Ba sai kina da ma'auni ba. In kin ga sun cure wuri ɗaya suna tsiwa, sanyi suke ji. In sun guji fitilar sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa.

To, a gidan namu dama Inna tana da nata kajin na Hausa, mata biyar da zakara ɗaya. Akwai wata ja, tsohuwa, da muke kira Uwargida, sai Baƙa, sai Durgu mai gajerun ƙafafu, sai Fingi, sai kuma Wake-wake wadda a lokacin take jan 'ya'yanta shida.

Da 'yan tsakin Auta suka yi sati uku, kwali ya yi musu kaɗan, suna ta ɗarewa bakinsa, ga wari. Inna ta ce, “Ke Auta, wannan ɗoyi ya ishe ni. Ba kaji ba ne? Sake su su bi 'yan'uwansu mana.” Auta ta kifar da kwali a tsakar gida da hantsi, ta watsa gero, ta ga suna tsattsaga, hankalinta ya kwanta, ta yafa gyale ta tafi kitso.

Bayan la'asar sai ga ta a gidana, rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta riƙo wani abu a bakin zani. Ko sallama ba ta iya yi ba. “Yaya, sun kashe min.” Na buɗe, ɗan tsako ne, an sare masa ƙeya har ƙashi ya fito, ya riga ya sandare. Muka koma gida tare. Shida mun same su sun cusa kai a bayan randa, tun safe ba ci ba sha. Ta takwas ɗin kuwa a ƙarƙashin turmi muka zaro ta, kanta jina-jina, amma da sauran numfashi. Allah Sarki, yarinyar nan ta zauna a ƙasa tana kuka tana lissafa kwanakin da ta yi ba ta sayi ko awara a makaranta ba.

Ban ga laifin Inna ba, domin abin da ta faɗa shi kowa zai faɗa. A wurinmu kaza kaza ce. A wurin kaza kuwa akwai 'yar gida, akwai baƙuwa, kuma ba ta haɗa su ko kusa. Kaji suna gane junansu ɗaya bayan ɗaya, da ido, musamman ta fuska da zankon nan ja da ke kansu. Duk wadda ba a san fuskarta ba, ta zo cin abincin gida ne, sai a kore ta. Babbar kaza in an kore ta takan gudu ta haye katanga. Ɗan tsakon sati uku ina zai je?

Za ku ce to yaya 'ya'yan Wake-wake suke yawonsu lafiya, alhali su ma ƙanana ne? Ai su da uwarsu. Kaza takan yi kwana 21 tana kwanci, kuma tun kafin ƙwan ya fashe ɗan tsako yake fara tsiwa daga ciki, uwar tana amsa masa. Ya fito ya riga ya san muryarta, a kwana ɗaya ko biyun farko kuma ya riƙe kamanninta, ita zai bi duk inda ta sa ƙafa. Ita ke shiga gaba, ita ke buɗe fukafukai ta kumbura in wata ta matso. Haka sauran kajin za su yi ta ganin 'ya'yan kullum, ba damar taɓawa, har fuskokinsu su zauna musu. 'Yan kwali ba su da mai shige musu gaba. Abin da ma zai ba ku mamaki, da muka bincika, yaran maƙwabta da suka leƙo suka ce ba Uwargida ce ta yi kisan ba, Wake-wake ce. Mai 'ya'ya ta fi kowa zafi a kan ɗan da ba nata ba, saboda gani take abincin bakin 'ya'yanta zai ci.

Nan Inna ta ce ai su a ƙauye sukan ba kaza riƙon 'ya'yan wata. Gaskiya ne, har ƙwan zabi ake sa wa kaza ta ƙyanƙyashe ta rene su. Amma wannan dabara tana da lokacinta. Sai kazar tana kan kwanci ko ba ta daɗe da ƙyanƙyasa ba, 'yan tsakin kuma ba su wuce kwana biyu ko uku ba, a cusa mata su a ƙarƙashin fiffike da daddare, gari na wayewa a tsaya a kanta a ga ko ta karɓa. Ɗan sati uku ya wuce nan. Ko ita ta yarda, shi bai san mece ce uwa ba.

Na san wasunku har sun fara murmushi, suna cewa ai wannan labarin amarya da uwargida ne aka sakaya. To, ku kuka faɗa. Ni dai kaji nake magana.

Don in rarrashi Auta sai na ba ta labarin wani yaro ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda aka haifa a 1894. Tun yana ɗan kimanin shekara goma yake zama a lokacin hutu yana kallon kajin gidansu, yana rubuta wadda ta sari wata a littafi. Da ya girma ya wallafa abin da ya gano a 1922, kuma har yau masana suna ambaton sunansa. Abin da ya gano shi ne, kajin gida ɗaya suna da jerin girma. Akwai ta sama wadda take saran kowa ba mai saran ta, akwai ta biyu da take saran kowa ban da ta farko, haka har a zo kan ta ƙarshe wadda kowa ke sara ita ba ta da wanda za ta rama a kai. Wani lokaci ma abin yakan zagayo, wannan ta fi waccan, waccan ta fi ta uku, ta ukun kuma ta fi ta farko. Kuma da zarar kowace ta san matsayinta, faɗa ya ƙare. Ta sama ba sai ta kai sara ba, ɗaga kai kawai za ta yi, ta ƙasa ta sunkuya ta ba da wuri. Ashe zaman lafiyar da muke gani a tsakar gidan Inna, tsohon faɗa ne da aka riga aka gama.

Auta ta share hawaye ta ce, “Yaya, shi ma ɗan makaranta ne?” Na ce ƙwarai. Washegari sai ga ta da ragowar littafin lissafinta da biro.

Ga abin da muka yi. Muka samo ragar waya, yayanmu ya kafa mana ita a kusurwar tsakar gida inda rumfa ta rufe, saboda damina ce, ɗan tsakon da gashinsa bai cika ba kuwa ruwa ɗaya ya ishe shi. Muka rufe saman ragar saboda shirwa da muzuru, muka zuba shidan nan a ciki. Kajin Inna suna ganin su, suna jin su, amma baki ba ya kaiwa. Da gangan muke zuba abincin manyan a jikin ragar ta waje, na ƙananan a jikinta ta ciki, don su riƙa ci fuska da fuska. Kwana ukun farko Wake-wake ta yi ta zagaye tana kai wa waya sara. Kafin sati ya cika ta gaji. A sati na biyu ko kallo ba su ishe ta ba. Mutane da yawa sati ɗaya ko biyu suke yi su buɗe, mu kuwa sai da muka bari suka kai sati takwas, don ba sabo kaɗai muke jira ba, har da girman jiki. Irin nasu akwai saurin girma, a lokacin sun kusa kamo Durgu.

A cikin ragar nan ne Auta ta ga abin da ya fi ba ta dariya. Su ma 'yan kwalin ashe ba a zaune suke ba. Suna ƙanana ba ruwansu da girma, barci ma a kan juna suke yi, iyakacin rigimarsu in ɗaya ya samu gara ko tsutsa ya ruga da ita a baki sauran su bi shi, abin nan dai da Hausawa ke cewa ɗan tsako samu ka ƙi dangi. Amma suna shiga sati na huɗu zuwa na biyar sai wasan ya sake. Biyu za su yi karo, su tsaya cak, gashin wuya a tashe, su ƙura wa juna ido, su yi tsalle su haɗa ƙirji, sai kuma kowa ya watse kamar ba a yi ba. Wasa ne, amma na gwada ƙarfi. Mazan su ke fara ɗaukar abin da gaske, wajen sati shida zuwa takwas sun san babba a cikinsu. Matan sukan ɗan makara, sai wajen sati takwas zuwa goma. Haka kuwa littafin Auta ya nuna. Uku ne maza, wani mai ruwan toka ya zama sarkinsu, har ta sa masa suna Ɗan Sanda.

Ranar buɗe raga ba da safe muka buɗe ba, sai da la'asar sakaliya, saura kamar awa ɗaya su kwanta, bayan kajin Inna sun ƙoshi. Muka ajiye kaskon ruwa biyu da faranti uku nesa da juna, domin Uwargida ba za ta iya tsare wuri uku a lokaci ɗaya ba. Muka jingina tsohuwar tabarma da wani faifai a jikin bango, wanda aka biyo ya samu inda zai ɓuya, muka kuma janye randar nan daga lungu don kada a sake ritsa wani a inda ba mafita. Auta ta rataya damin rama da ganyen zogale a igiya, bakin da ke fizgar ganye ba ya neman ƙeyar wani. Sannan muka zauna a kan tabarma, na riƙe mata hannu, don na san halinta.

Ai kuwa Baƙa ta kai wa Ɗan Sanda sara ɗaya a gadon baya, ya yi ƙara ya ruga. Auta ta yunƙura, na danne ta. Wannan shi ne wuri mafi wuya, ƙannena. Sara ɗaya ko biyu, da ɗan bi na taku uku, da fizge gashi ɗaya, duk gaisuwa ce irin tasu, in kika raba kin mayar da aikin baya, gobe sai sun sake daga farko. Inda za ki tashi da gudu shi ne in kin ga jini, ko an taru a kan ɗaya, ko an danne shi a lungu ana saran kai, ko an hana shi ci da sha yini guda. Jini kam ba a wasa da shi, kaza in ta ga ja sai ta sara, sauran ma su zo su taya ta, har waɗanda ba su da niyyar faɗa.

Mun yi haka kwana huɗu, kullum ana ƙara lokaci, da magariba su koma ragarsu da kansu. A na biyar muka bar ta a buɗe tun safe.

Sai dai fa ba su zama gida ɗaya nan take ba. Kusan sati biyu garke biyu ne a tsakar gida ɗaya, manya a gindin bishiya, ƙanana a bakin rumfa, in manya sun taso ƙanana su matsa. Abin da ya fara haɗa su bai zo ta inda muka zata ba. Wake-wake ta yaye 'ya'yanta. Kaza in ta tashi komawa yin ƙwai, 'ya'yan da ta kusa mutuwa a kansu su take fara kora da sara. Huɗun da suka rage mata, don shirwa ta ɗauki biyu, suka rasa inda za su sa kansu, sai ga su a bakin rumfa wurin 'yan kwali. Aka yi 'yan tsalle-tsalle na kwana biyu, shi ke nan suka haɗe. 'Ya'yan Wake-wake su suka san gida, su suka nuna wa 'yan Auta inda gara take a bayan ɗakin girki, da hanyar shiga akurki.

Na bar muku labarin ta takwas ɗin nan da muka zaro a ƙarƙashin turmi, don nata ya fi taɓa ni. Mun wanke mata ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, muka shafa mata jibi, maganin nan mai kalar shuni, wanda bayan magani yana kuma ɓoye jan ciwon. Auta ta kai ta ɗakinta ta yi jinyarta a kwando. Ta warke, amma gashin ƙeyar bai dawo daidai ba, muka sa mata Mai Tabo. Kuskurenmu shi ne mun bar ta a ɗaki fiye da sati uku. Ta saba da Auta, tana bin ta har bakin banɗaki, tana kwana a kan takalminta. Ranar da muka mayar da ita cikin raga wurin 'yan'uwanta, waɗanda suka kwana a kwali ɗaya, sai suka taru a kanta kamar ba su taɓa ganin ta ba. Auta ta ce, “Yaya, 'yar'uwarsu ce fa!” Ina, sun manta. Kaza in ta yi sati biyu zuwa uku ba ta ga wata ba, ta zama baƙuwa. Ga shi kuma kan nata ya sake kama. Wani malami a Kansas ta Amurka, A. M. Guhl, ya gwada wannan a shekarun 1950, ya riƙa sauya wa kaji kamanni yana mayar da su cikin 'yan'uwansu, ya ga sauyin kai da wuya shi ya fi sa a kasa gane kaza.

Baƙuwa ɗaya tilo ita ce ta fi shan wuya, don duk saran gidan a kanta yake ƙarewa. Sai muka ɗauko mafi sanyin hali a cikin matan, wata fara, muka haɗa su su biyu a kwando har suka saba, sannan muka kifa kwandon a cikin raga inda sauran ke ganin su, bayan kwana biyar muka ɗaga. An sare ta, amma ba a taru a kanta ba. Da ma tun farko a nan muka yi jinyarta, inda ake ganin ta, da duk ba a yi haka ba.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Mu namu tun suna kwana ɗaya suke hannunmu. In kuwa budurwar kaza kika sayo a kasuwa, ko aka ba ki kyauta daga ƙauye, kada ma ki fara da raga. Ki ware ta can nesa da naki, aƙalla sati biyu, da kaskonta daban, ki ga ko tana gyangyaɗi, ko zawo, ko numfashi da ƙyar. Annobar nan da ke share kajin unguwa da hunturu, wadda likitoci ke kira Newcastle, sau da yawa baƙuwar kaza ce ke shigo da ita, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin rigakafin, har da wanda ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha. Ki tambayi malamin dabbobi na kusa da ku tun kafin sanyi ya shigo. Mu mun yi wa na Auta da na Inna gaba ɗaya.

Saura kwana shida Auta ta tafi, muna zaune ana ɗaure mata garin kwaki da yaji, sai zakaran Inna ya yi wata doguwar ƙara yana kallon sama. Zakara kukan da yake yi in abu ya taho ta sama daban ne da wanda yake yi in ya ga kare ko muzuru. Kafin mu ɗaga kai, tsakar gida ta zama wayam. Uwargida, da Fingi, da Ɗan Sanda, da 'ya'yan Wake-wake, duk sun dunƙule a ƙarƙashin gadon ƙarfen da ke rumfa, jiki na gugar jiki, ba mai saran wani. Da shirwar ta wuce suka fito, sai ga Durgu da farar nan suna birgima a toka ɗaya a bakin murhu. Inna ta ce, “To, Auta, kajinki sun zama 'yan gida.”

Da magaribar ranar muka tsaya muna kallon shigarsu akurki. Uwargida ce a gaba, ta haye can sama inda ta saba, sauran manyan suka bi ta, sannan samarin, ana 'yar tureniya. Mai Tabo ta tsaya a waje ita kaɗai, ta dubi ƙofar ɗakin Auta, ta dubi akurki, ta yi ta kai da kawowa har duhu ya fara. Auta ta ɓuya a bayana don kada ta gan ta. Can dai ta sa kai ta shiga, ta lafe a ƙasa daga bakin ƙofa, kusa da farar. Auta ta je a hankali ta rufe, ta ɗora dutse, ta dawo ta miƙa wa Inna littafin nan, wai ta ci gaba da rubuta mata wadda ta sari wata har ta dawo hutu. Inna ta ce ita ba ta da wannan lokacin, amma na ga ta cusa shi a ƙarƙashin matashinta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.